Taragon Katangowa

A Katangowa na tsince shi,
cikin buhun kayan wasa na gwanjo,
tsakanin 'yar tsana mai hannu ɗaya da motar kashe gobara.
Tarago ne, tsawonsa bai wuce taƙi ba.
Na taya ɗari huɗu, mai kaya ya ce albarka,
muka rabu a biyar.

Da na kawo shi ɗakina a Agege
na ɗora a tafin hannu, sai na ga aibinsa:
ya cika tsabta.
Shekara talatin da ɗaya na yi a Ebute Metta
ina kankare fenti, ina shafa fenti,
ban taɓa ganin tarago mai fuskar jariri ba.

Da rufi na fara.
Na karto kunkunniya a gindin tukunyar da Talatu ta bari,
na dama da ɗigon kananzir,
na ja da gashin kaza daga tsakiya zuwa gefe,
yadda ruwan Ikko ke wanko hayaƙi yana gangarowa.
Tsatsa kuwa ba a sayenta a garin nan.
Ƙusa uku na jiƙa a gwangwani,
kwana biyu iskar teku ta gama mini aiki.
Ɗigo a gindin kowace ƙofa,
biyu a ƙarƙashin tagar makewayi.
Wanda ya sani ya sani.

Cikinsa wayam, ko benci babu.
Tsinken ashana, reza, gam.
Gam da damina ya fi kuɗin fansho nawa.
Benci ɗaya na riƙe da hantsaki
tun azahar har ladan ya sake kira.
Suka ɗauke wuta, na ciji tocilan, na ci gaba.

Baba Oyewole ya leƙo ta labule:
"Alhaji, yaushe jirgin naka zai tashi?"
Na ce, na gasken ma yaushe ya taɓa tashi kan lokaci?

Wayar tsohuwar rediyo ta zama mariƙin ƙofa,
ragowarta na saƙa ragar ɗora kaya.
Fanka daga gwangwanin madara, fiffike uku,
na lanƙwasa ɗaya da gangan,
don tamu tun daga Minna ta daina juyi.
Ƙwayar shinkafa a ƙyalle, ga buhun gero.
Ɗan carbin da ya tsinke mini bara,
na yi masa hanci, ga buta a ƙarƙashin benci.

Jikata Asabe ta tsaya ta turo baki:
"Kaka, ka ɓata shi. Da ya fi kyau."
Na ce, da bai je ko'ina ba.

Taga ta uku daga hagu
na yanke gilashinta rabi, na maƙale shi a karkace.
Haka take a shekarar da muka taso daga Ƙauran Namoda,
ba ta rufuwa, ba ta buɗuwa.
Nan Talatu ta zauna kwana biyu
da ƙullin fura a cinya.
A gadar Jebba ta runtse ido,
ta kama bakin rigata har muka haye,
sannan ta ce ita ba tsoro ta ji ba.

Sau uku ina sassaƙa ta da guntun sabulu.
Kafaɗa ta fito, zaman ya fito,
fuskar ta ƙi.
Na haƙura.
Na yanko zare huɗu daga gefen gyalenta,
na ajiye kan bencin,
kamar wadda ta sauka a Offa sayen burodi
ta bar shaidar wurin zama.

Da magariba sabon jirgi kan wuce ta bayan gida,
fari fes, tagoginsa a rufe.
Tebur ya yi rawa,
taragona ya gangara kamar faɗin yatsa.

Na tare shi da babban yatsa.
Dakata tukuna, direba.
Da sauran mutum a ƙasa.